Makaɗi

makàɗī *sn., nj.*, *mc.* makaɗìyā, *jam.* makàɗā.

1. Mai sana'ar buga ganga, kalangu, kotso ko taushi: *~n fada*, kamar Musa Ɗanƙwairo.

2. (*sabuwar ma'ana*) Mai haɗa kiɗa da fiyano ko kwamfuta a situdiyo. Galibi yakan fara a matsayin yaron situdiyo kafin ya buɗe nasa. Sana'ar ta bunƙasa a Kano bayan fim ɗin *Sangaya* (1999). *Mis.* an ɗauko ~ daga Gusau zuwa biki a Gummi. ~ na buga fiyano, mai kalangu na raka shi, mawaƙi na rerawa. ~n Anka ya tura wa mawaƙin Bukkuyum kiɗa ta waya.

*Dang.* kaɗā̀ (*fi.*); kiɗā̀, *jam.* kìɗe-kìɗe; makaɗī (sandan buga ganga), *jam.* màkàɗai.