Yadda Muka Koya wa Feftayid Riƙo

Duk wanda ya yi aiki da feftayid ya san halinsa: ya iya gane inda aka aike shi, amma ba ya zama. Guntuwar sarƙa ce ta amino asid, ta kama makarɓarta a jikin tantani, kafin ka ƙifta ido ta saki. Tun da Bruce Merrifield ya fito da hanyar ƙera shi a kan ƙwayoyin roba a 1963, ƙira ta yi sauƙi. Riƙon ne ya gagara.

Dabarar kuwa tana cikin jininmu tun asali. Sojan garkuwar jiki da ake kira IgM hannaye 10 gare shi, ko wanne riƙonsa ba wani abin kirki ba ne. Aikin ƙarangiya yake yi a jikin zane: ƙaya ɗaya ta zame, sauran na nan riƙe har ta sake maƙalewa.

A 1988 James Tam, a Jami'ar Rockefeller, ya jera amino asid lisin ya yi rassa, ya rataya feftayid 8 a kai. Shi rigakafi yake nema, mu kuma muka ga maratayi. Shekara goma bayan haka George Whitesides da abokan aikinsa a Harvard suka tattara ƙa'idojin riƙo da hannaye da yawa a doguwar maƙala, daga nan kowa ya shiga ƙidayar kawuna, wato feftayid nawa za a rataya a maratayi ɗaya.

Nan muka ɓata lokaci, a ganina. Masu ɗaukar hoton ciwon daji sun ɗauki RGD, amino asid 3 masu kama furotin integirin, suka yi mai kai 2, mai 4, har mai 8. A kwalbar gwaji riƙo ya yi ta ƙaruwa. A jikin ɓera kuwa ƙoda ce ta riƙa kwashe kaso mai yawa, dole aka koma kan mai kai 2.

Ashe zaren da ya haɗa kawunan ne mai magana. In ya gajarta, kai na biyu ba ya kaiwa. In ya yi tsawo, sai ya yi ta lilo, ribar ta zube. Ƙungiyar Kristian Strømgaard a Kofanhegan ta nuna haka a kan furotin PSD-95 na ƙwaƙwalwa, wanda ke da hannu wajen mutuwar tantani bayan bugun shanyewar ɓarin jiki. Aljihu biyu gare shi maƙwabtan juna. Suka yi ta gwada tsawon zaren PEG har kawuna biyu suka faɗa aljihunan tare, kuma a rahotonsu na 2012 riƙon ya ninka na mai kai ɗaya kusan sau 1,000. Mu da muka sha tace irin waɗannan sinadarai, muna kallon tudu biyu manne da juna a allon na'ura sun ƙi rabuwa, mun san gumin da ke bayan wannan adadi.

A asibiti sakamako ya rabu biyu. Romiplostim na kamfanin Amgen, feftayid 4 a jikin guntun sojan garkuwa, ya samu izini a Amurka a 2008, har yau ana ba masu ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini. Peginesatide, mai kai 2, an amince da shi a Maris 2012 don ƙarancin jini na masu wankin ƙoda. A Fabrairu 2013 aka janye shi daga kasuwa, bayan jikin wasu ya yi masa mummunan bore da allurar farko, har aka rasa rayuka.