Tsarin koyar da darussa a haɗe a makarantun firamaren ƙasar Finland

A shekarar 2014 ne hukumar ilimi ta ƙasar Finland ta amince da sabuwar manhajar karatu, wadda ta fara aiki a azuzuwa na 1 zuwa na 6 a watan Agustan 2016. Manhajar ta wajabta wa kowace makaranta ta shirya wa ɗalibanta aƙalla aiki guda a shekara, wanda zai haɗa darussa daban-daban a kan batu ɗaya.

Yadda tsarin yake

Maimakon a ba yara tambaya mai amsa ɗaya tak, akan gabatar musu da matsalar da za a iya warwarewa ta hanyoyi da dama. Alal misali, ana iya tambayarsu yadda za a rage ɓarnar ruwa a makaranta. Kafin su kai ga amsa, sai sun auna ruwan da ake amfani da shi, sun binciki inda yake fitowa, sannan sun rubuta shawarwarinsu. Ta haka lissafi da kimiyya da rubutu ke haɗuwa a aiki guda. Manhajar ta kuma tanadi cewa a sa yaran cikin tsara aikin.

Wannan tunani dai ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1896 masanin falsafar nan na Amurka, John Dewey, ya buɗe makarantar gwaji a birnin Chicago, inda yara ke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki da saƙa da aikin kafinta.

Muhawara

A shekarar 2015 wasu kafofin watsa labarai sun ba da rahoton cewa Finland za ta soke darussan da aka saba da su. Sai dai hukumomin ƙasar sun musanta hakan, kuma ba a daina koyar da kowane darasi a lokacinsa ba.

Amma cece-ku-ce bai ƙare ba. A jarrabawar PISA ta ƙasa da ƙasa, makin lissafi na 'yan shekara 15 a Finland ya sauka daga 548 a 2006 zuwa 484 a 2022. Masu suka na ganin an ɗora wa yara nauyin koyar da kansu tun ba su ƙware a karatu da lissafi ba. Masu goyon bayan tsarin kuwa na nuni da cewa koma-bayan ya fara ne shekaru da dama kafin a soma amfani da manhajar.