Gadon Ƙasa da Lagireton Ɗaki: Tarihin Yaƙi da Sanyin Hunturu

Yau tarihin ɗumama ɗaki na kawo muku. Duk wanda ya taɓa kwana a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi a watan Janairu ya san sanyin asuba ba wasa ba ne: leɓe ya tsage, kaushi ya fito, ruwan buta kamar ƙanƙara.

Bari mu fara da Turawa. Wajen 1855, wani ɗan kasuwa mai suna Franz San Galli ya soma ƙera lagireton ɗaki a birnin Santa Fitasbag na Rasha. Kun san lagireton mota, mai sanyaya inji? To, wannan ɗan'uwansa ne, sai dai shi zafin ake so ya zubo cikin ɗaki. A farkon ƙarni na 20 kuma, kamfanoni a Amurka, irin su James B. Clow & Sons na Chikago, suka fito da wani nau'i mai cin gashin kansa. Baƙin ƙarfe ne na zubi, ana zuba ruwa a gindinsa, a kunna wutar gas a ƙarƙashi. Ruwa ya tafasa, tururi ya hau cikin ƙarfen, ya ba shi zafinsa, ya koma ruwa ya gangaro, a sake zagaye. Babu ruwansa da lantarki. Shi ya sa har yau wasu ke tsintar tsofaffin, su kankare tsatsa, su gyara wurin wutar, su ajiye don ranar da aka ɗauke wuta.

Tururi ya zo ƙasarmu shi ma, amma ta kan dogo. A 1929 layin jirgin ƙasa daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙaura Namoda, nan ya tsaya. Jiragen lokacin da kwal ɗin Inugu suke tafasa ruwa, tururin ya tura ƙafafu, su kwashi gyaɗa da auduga su yi kudu. Wato tururi ya zo mana ɗaukar kaya ne, bai zo ɗumama kowa ba. Ɗumama ɗaki kuwa, kakanninmu sun riga sun gama da shi tun kafin Bature.

Ina nufin gadon ƙasa. Magini zai gina shi da yumɓu a jikin bango, ya bar rami a ƙarƙashi da 'yar ƙofa. Da magariba a zuba garwashi ko a hura 'yar wuta da kara a ciki. Ƙasa tana jinkirin ɗaukar zafi, tana kuma jinkirin sakinsa, don haka wuta za ta mutu amma gado na nan da ɗumi har asuba. Dabarar da ke cikin wancan ƙarfen ke nan: ka tara zafi a abu mai nauyi, ya riƙa sakinsa a hankali. Mutanen arewacin Sin ma suna da irinsa, suna ce masa kang, na Koriya kuma ondol, nasu ƙasan ɗakin ne gaba ɗaya ake ɗumamawa. Wanda bai da gadon, yana da kaskon wuta, a ajiye tsakiyar ɗaki ko zaure, tsofaffi su kewaye, yara su matso don tatsuniya.

Gadon nan na tsofaffi ne da masu jego. Kuma a nan akwai darasi. A shekarun 1970, likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Sun danganta yawansa da haɗuwar abubuwa uku: wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya kan gado mai wuta, da yawan shan kunun kanwa. Kun ga ke nan ko abin gado ne, yana da iyaka.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Ɗakin da ya haifi kasko ɗakin ƙasa ne mai rufin ciyawa, iska na shiga tana fita ta ko'ina. Mu kuma mun koma bulo da kwano da tagar gilashi, mun rushe gadon ƙasa mun sa katifa, amma kasko muka taho da shi. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monokzayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200. Ciwon kai, jiri, barci mai nauyi, shi ke nan. Ba mu kaɗai ba: a Fabrairun 2021, da sanyi ya kashe lantarki a jihar Tekzas, mutane sun mutu saboda shigar da gawayi da janareta cikin gida. Masu gyaran tsohon lagireto ma abin da suka fi tsoro ke nan, don wasu nau'o'insa ba su da bututun fitar da hayaƙi.

Yau a yankin Zurmi da Shinkafi, shiga daji yin itace ya zama sayar da rai saboda 'yan bindiga, ga dubban mutane da suka baro ƙauyukansu suna kwana a cunkushe. Gawayi ya yi tsada, kowa na toshe kafa don kada ɗumi ya tsere. Wallahi wannan toshewar ita ce haɗarin.

Ni dai shawarata biyu ce. Kada a kwana da kasko a rufaffen ɗaki. A sha ɗumi, a fitar da shi kafin barci. Sannan duk gidan da gadon ƙasa ya rage, kada a yi saurin sa masa diga. A ɗauki hotonsa, a auna shi, a tambayi tsofaffin magina yadda ake gina shi. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda. Ɗalibi ɗaya mai himma zai iya juya ƙofar wutar ta koma waje, ya sa bututun hayaƙi, ɗumi ya zauna ciki, guba ta fita.

Idan akwai gadon ƙasa a gidanku, ku gaya mana garin da yake da kuma wanda ke kwana a kai. Allah Ya raba mu da sharrin wuta, Ya ba ƙasarmu lafiya. Sai shiri na gaba.