Ciwon Zuciyar Masu Jego: Tarihin Bincikensa Daga Zariya Zuwa Kano

Tun zamanin kaka da kakanni ungozomomin ƙasar Hausa sun san wata irin cuta mai kama mace bayan ta sauka lafiya. Kafin a yi arba'in, ko jim kaɗan bayan haka, sai ƙafafunta su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, har ta kai ga kwana a zaune don ba ta iya kishingiɗa. Akan ce sanyi ne ya shige ta, sai a ƙara wa ruwan wanka wuta.

A wajen likitoci kuwa, wannan alama ce ta gazawar zuciya. Dalili shi ne, jinin mace yakan ƙaru da kusan rabi sa'ad da take da ciki, zuciya kuma ita ke ɗauke da wannan nauyi. A shekarar 1971 wasu likitoci biyu a Amurka, Demakis da Rahimtoola, suka tsayar wa cutar iyaka, watau gazawar zuciya da ke bayyana a watan ƙarshe na ciki, ko cikin wata biyar bayan haihuwa, ga macen da ba a san ta da ciwon zuciya ba a da.

Amma a Zariya ne aka ga yawan da ya girgiza masana. Daga 1969 zuwa 1972, Davidson da Parry na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Sun lura cewa cutar ta fi yawa cikin matan Hausawa, kuma takan tsananta a watannin zafi da damina. Sai suka dubi al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa wanda aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Hujjarsu ita ce, gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. A 1979 Sanderson da abokan aikinsa suka duba zukatan irin waɗannan mata da na'urar hoton zuciya a nan Zariya, suka tarar da yawa daga ciki suna bugawa da ƙarfinsu, sai dai ruwa ya yi musu yawa. Wannan ya ƙarfafa zargin da ake wa kanwa.

Shekara da shekaru magana ta tsaya a nan, har littattafan likitanci na duniya suka ɗauke ta. To, amma ilmi ba ya zama wuri guda. A 1992 wani bincike da aka yi a Yamai ya nuna ƙarancin sinadarin siliniyam a jinin masu cutar, daga baya aka sami irin wannan a Kano. Sa'an nan a 2020 Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon rajistar mata 406 daga asibitocin Nijeriya. A Kano an sami cutar sau 1 cikin kowace haihuwa 96. Abin mamaki, ba su ga alaƙa tsakaninta da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rashin karatun boko, da rashin sana'a, da rama, da hawan jinin masu ciki wanda kan kai ga jijjiga.

Wannan bai wanke kanwa ba, domin gishiri mai yawa lahani ne ga duk zuciyar da ta raunana. Abin da ya nuna shi ne, hana al'ada kaɗai ba zai ceci mata ba muddin talauci da yunwa suna nan. Mai ciki tana bukatar awo da gwajin jini tun da wuri. Mai jegon da ta kumbura ko take haki tana bukatar hoton zuciya ba da jinkiri ba, likitan mata da likitan zuciya su duba ta tare. Wadda zuciyarta ba ta murmure ba kuwa, lalle a faɗa mata, ita da mijinta, haɗarin da ke cikin sake ɗaukar ciki, domin rayuwar jaririn da ke goye tana rataye ne da ta uwarsa.