Shayin La'asar: Yadda Yunwar Matar Basarake Ta Zama Al'adar Ingila

A shekarar 1842, wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo mai suna Fanny Kemble ta je baƙunci fadar Belvoir da ke tsakiyar Ingila, inda manyan gari kan taru su yi kwanaki suna hutawa. Ta rubuta daga baya cewa a can ne ta fara cin karo da shayin la'asar. Sai a aiko mata da gayyata a asirce cewa ana nemanta a ɗakin matar basaraken Bedford. Idan ta shiga, sai ta tarar da wasu mata ƙalilan cikin baƙin gidan sun kewaye uwar ɗakin, suna dafa shayi da wata buta tata ta kanta, ana sha ana hira.

Matar ita ce Anna Maria Russell, aminiyar Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi hidima a fadarta daga 1837 zuwa 1841. Ita ake jingina wa wannan al'ada, kuma dalilinta ba wani mai zurfi ba ne: yunwa ce. A zamanin, masu hali sun ja abincin dare har zuwa ƙarfe takwas ko fiye, abincin rana kuwa ɗan taɓa ka lashe ne. Kafin la'asar ta yi sanyi ciki ya fara kuka. Sai ta riƙa sa a kawo mata shayi da burodi da man shanu da ɗan kek a ɗaki. Da abin ya yi mata daɗi ta fara gayyatar ƙawaye, a gidansu na Woburn da kuma birnin Landan. Ba ita ta fara kurɓar shayi da yamma a Ingila ba, amma ita ta mayar da shi zama mai lokaci da gayyata, kuma abin da matar babban mutum ta yi yau, gobe za ka gan shi a gidan attajiri.

Sai dai kafin wannan zama ya sauko daga fada ya iso ga malamin makaranta da masaƙi, dole abu biyu su yi araha: ganyen shayi, da lokacin zama a sha shi. Ganyen ne ya riga saukowa.

Shayi ya shiga Landan a shekarun 1650, ana sayar da shi a gidajen shan gahawa kamar magani. Ya sami gindin zama a fada bayan 1662, lokacin da Sarki Charles na Biyu ya auri Catherine, gimbiyar Fotugal, wadda ta zo da sabon shansa daga gida. Duk ganyen daga ƙasar Sin yake zuwa, Kamfanin Gabashin Indiya ne ke da ikon shigo da shi shi kaɗai, gwamnati kuma ta ɗora masa harajin da ya kai kashi 119 cikin ɗari. Saboda tsada, a cikin ɗan akwati mai kwaɗo ake ajiye shi, makullin yana hannun uwargida. Inda haraji ya yi nauyi kuwa, fasa-ƙwauri ba ya nisa. Jiragen ruwa sun riƙa sauke shayi da dare a gaɓar kudancin ƙasar, 'yan algus kuma suna cakuɗa shi da ganyen wasu itatuwa, har da wanda aka riga aka dafa aka sake shanyawa. A 1784 Firaminista William Pitt ya zaftare harajin zuwa kashi 12.5. Nan take kasuwar 'yan sumoga ta mutu, shayi ya shiga gidan talaka.

Daga nan wata matsala ta taso. Mutanen Sin ba su da buƙatar kayan Ingila, azurfa kawai suke karɓa. Don azurfar ta daina tsiyayewa, sai Turawa suka shiga noman ofiyom a Indiya, ƙwayar nan mai sa maye, ana kai wa Sin ta bayan fage. Da jami'in sarkin Sin, Lin Zexu, ya ƙwace akwati fiye da 20,000 ya lalata a 1839, Ingila ta tura jiragen yaƙi. An gama yaƙin a 1842 da yarjejeniyar Nanjin, wadda ta miƙa tsibirin Hong Kong ga Ingila. Shekarar nan ce dai Fanny Kemble ke zaune a ɗakin baƙi a Belvoir tana kurɓar shayi. Ba na jin akwai wadda ta kawo zancen a wannan zama.

Kamfanin Gabashin Indiya bai tsaya nan ba, ya ƙudurta sai ya noma abinsa da kansa. Tun 1823 wani Bature, Robert Bruce, ya sami labarin cewa akwai itacen shayi da ke fitowa a dajin Assam, a arewa maso gabashin Indiya, mutanen wurin sun daɗe suna amfani da shi. A farkon 1839 aka yi gwanjon shayin Assam na farko a Landan. A 1848 kuma aka tura masanin tsirrai Robert Fortune cikin ƙasar Sin. Ya aske kai, ya sa tufafin mutanen ƙasar, ya kutsa yankunan da aka hana baƙi shiga, ya fito da dubban dashe da iri a cikin akwatunan gilashi, tare da ƙwararrun masu sarrafa ganye. Da yawa daga dashen sun mutu, amma sirrin sana'ar ya riga ya tsallaka. Kafin ƙarshen shekarun 1880, shayin da Ingila ke saya daga Indiya ya zarce na Sin. Masu tsinkar ganyen a Assam a lokacin leburori ne da aka kwaso daga tsakiyar Indiya a kan yarjejeniyar shekaru, wanda ya gudu a kamo shi kamar mai laifi. Sukarin da ake zubawa a kofi shi ma da nasa tarihin, don gonakin raken Karebiyan da gumin bayi 'yan Afirka aka gina su.

A tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, James Taylor ya fara dasa shayi a 1867, kuma da wata cuta ta cinye gonakin gahawa, manoma suka koma kansa. Can ne wani mai kantunan kayan masarufi daga Glasgow, Thomas Lipton, ya sayi gonaki a 1890, ya riƙa ƙulla ganyen a ƙananan fakiti masu araha da sunansa a jiki. Sunan nan ne ke kan teburin mai shayi a Kano da Maraɗi har gobe.

Ganye ya samu. Saura lokaci, kuma shi ya fi wuyar samu.

Ma'aikacin masaƙa a zamanin Biktoriya kwana shida yake aiki a mako. Shayinsa na yamma ba na zaman hira ba ne, shi ne abincin darensa: da ya dawo wajen ƙarfe shida, a ajiye masa burodi da cuku ko ɗan nama da babban kofi. Hutu ya zo ne a hankali, a kan dogo. A Yulin 1841 Thomas Cook ya ɗauki mutum kusan 500 a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a kan sule ɗaya, zuwa taron masu yaƙi da shan giya, waɗanda dama shayi suke tallata wa jama'a a madadin barasa. A 1871 majalisa ta yi dokar da ta ware ranaku huɗu na hutu a shekara. A garuruwan masaƙa na Lancashire kuwa, akan rufe masana'antu na mako guda, ba tare da albashi ba. Don haka ma'aikata suka riƙa yin wani irin adashi duk shekara, idan makon ya zo a kwashe, unguwa guda ta ɗunguma zuwa Blackpool a bakin teku. Sai a 1938 aka yi dokar da ta buɗe hanyar hutun mako ɗaya da albashi.

Mata ne suka fi cin moriyar abin da ya biyo baya. Mace mai mutunci a lokacin ba ta shiga mashaya, ba ta kuma zama gidan abinci ba tare da namiji ba. Shagunan shayi suka ba ta wurin zama. Kamfanin burodi na ABC ya fara ba da shayi a shagonsa a shekarun 1860, Lyons ya buɗe nasa na farko a titin Piccadilly a 1894, Bettys ta buɗe a Harrogate, garin masu zuwa hutu da jinya, a 1919. Ƙawaye biyu za su iya haɗuwa su biya kuɗinsu, su yi awa biyu ba mai ɗaga musu gira. A ganina wannan ya fi duk wani kek muhimmanci a tarihin al'adar.

Wurin da ya fi burge ni shi ne wani lambun tuffa a ƙauyen Grantchester, kusa da Kambirij. A 1897 wasu ɗaliban jami'a suka roƙi matar gidan da ke jikin lambun, wadda ta saba ba su shayi a ƙofar gida, ta kai musu ƙarƙashin itatuwa. Ta yarda, abin ya zama jiki. Ɗalibai suka riƙa tahowa a ƙasa ko cikin kwalekwale ta kogin Cam, musamman bayan jarrabawa. Mawaƙi Rupert Brooke ya kama haya a gidan a 1909, abokansa suna kawo masa ziyara. Bayan shekara shida ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Lambun yana nan, da kujerun kwanciya a ƙarƙashin itatuwa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa gwamnati ta ƙayyade shayi daga Yulin 1940: kimanin giram 57 ga kowane mutum a mako, kuma ba a ɗage ba sai Oktoban 1952. Shekara guda bayan haka kamfanin Tetley ya kawo shayin jaka, mai saurin haɗawa, buta ta fara komawa kabad. Cikakken shayin la'asar, da farin ƙyalle da faranti mai hawa uku, ya tashi daga abin kullum ya koma abin ranar biki da na hutu. A otal ɗin Ritz na Landan, wanda aka buɗe a 1906, sai an kama wuri tun da wuri, kuma namiji ba ya zama sai da kwat da laktaye.

A kudu maso yammacin ƙasar, inda jama'a ke tururuwa da bazara, abin ya fi sauƙi: buta ɗaya, ɗan curin burodi mai laushi da suke kira sikon, kakkauran kirim na madara, da jam na sitiroberi. Nan ma akwai rigimar da ta ƙi ƙarewa. Mutanen Devon suna fara shafa kirim sannan su ɗora jam. Maƙwabtansu na Cornwall sun ce atafau jam ne farko. A 2018 wani gidan tarihi a Cornwall ya wallafa tallar shayi da hoton sikon da aka shafa wa kirim a ƙasa, mutanen yankin suka yi masa ca, sai da ya fito ya ba da haƙuri.