Masaƙun Kakuri, daga Fulotin Auduga zuwa Kantin Kwari

Mu da muka ci abinci a masaƙun Kaduna mun san cewa aikinmu ba a ƙofar kamfani yake farawa ba. A gonakin Funtuwa da Malumfashi da Gusau yake farawa. Manomi ya kai audugarsa fuloti, a tantance ta, a auna, a wuce da ita gidan gurza, a cire gurya, a ɗaure diloli. Shekara da shekaru jirgin ƙasa yana kwasar dilolin nan zuwa bakin teku, masaƙun Ingila su saƙa, su dawo mana da yadi mu saya da tsada.

Wannan ne gwamnatin Sardauna ta so ta karya. A 1957 Kaduna Textiles, wadda kowa ke kira KTL, ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Akoko ta fara saƙawa. Nortex ta biyo baya, sai UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong, sai Arewa Textiles ta Japanawa, duk kafin ƙarshen shekarun 1960. Kano ma ta kafa nata a Bompai da Sharaɗa da Chalawa.

Wanda bai shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane ba. Ɗaruruwan injuna suna bugawa lokaci guda, har sai da hannu ake magana. Ƙurar auduga tana kwanciya a gira da gemu. A ɗakin kaɗi dole a riƙe danshi a iska, domin hunturu yana busar da zare ya yi ta tsinkewa. Ƙwararren masaƙi da kunne yake gane injin da ƙoshiyarsa ta fara gocewa, tun yadi bai ɓaci ba. Wannan ilimi ba a makaranta aka ba mu shi ba. Manya ne suka zuba mana shi a aikin dare. In jiniya ta kaɗa, kekuna ne ke cika titi, Bahaushe da Bajju da Tibi da Inyamuri kafaɗa da kafaɗa. Daga cikin irin wannan taro Adams Oshiomhole ya fito, ma'aikacin Arewa Textiles da ya zama babban sakataren ƙungiyarmu ta ma'aikatan masaƙa a 1982.

Yau kowa kayan Sin yake zargi da durƙusar da masaƙun nan, kuma da gaskiyarsa. Amma ni a ganina ciwon ya riga su zuwa. A 1986 aka rushe hukumar cinikin auduga, a lokacin tsarin gyaran tattalin arziki na SAP. Ita ce ke raba iri, ita ke tsayar da farashi. Da ta tafi, iri ya gauraye, auduga ta rage kyau, manoma da yawa suka koma masara. Naira ta faɗi, kayan gyaran injin da ake sayowa waje suka gagara. Wutar lantarki ta zama sai an gani, ga baƙin man da ake dafa tukunyar tururi da shi ya yi wuyar samu. Masaƙa kuwa ba ta jure ɗaukewar wuta: zare ya tsinke, rini ya lalace a cikin inji, aikin yini ya tafi.

A haka aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. 'Yan fasa-ƙwauri kuma suka cika kasuwar Kantin Kwari ta Kano da atamfar da aka kwaikwayi zanenmu, har da tambarinmu a gefen turmi. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Gwamnatin tarayya ta ware rancen naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu, UNTL ta sake buɗewa a 2010, amma da ma'aikata kaɗan. Sauran abokan aikinmu wasu sun koma acaɓa, wasu gadi, wasu sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Makanikan da suka iya kwance injin saƙa su mayar da shi sun tsufa, kuma ba su samu yaran da za su koya wa ba.