Ali Nuhu da Tarihin Mai Biyan Kuɗin Fim ɗin Hausa

A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya naɗa Ali Nuhu Manajan Daraktan Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos. Masoyansa sun ɗauki naɗin a matsayin ladan kusan shekaru 25 da ya yi yana fitowa a fim, yana ba da umarni, yana kuma shiryawa. Sai dai kujerar tana da tsohon tarihi da fim ɗin Hausa. An kafa hukumar a 1979, kuma cikin waɗanda suka riƙe ta a shekarunta na farko akwai Adamu Halilu, wanda ya ba da umarnin fim ɗin Shehu Umar a 1976. Abin da ya gudana tsakanin zamanin mutanen nan biyu yana komawa ga tambaya guda, wato wane ne ke biyan kuɗin fim ɗin Hausa. Sau da dama amsar ta sauya, kuma rayuwar Ali Nuhu ta sana'a tana bin sawun kowane sauyi.

A zamanin Adamu Halilu gwamnati ce mai biya. An ɗauko Shehu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka yi shi da tsadadden kayan ɗaukar hoto na sinima, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Irin wannan fim ya fi ƙarfin aljihun ɗan kasuwa, shi ya sa ba a yi da yawa ba. Talakan Kano kuwa, abin da yake biya ya kalla a gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Marhaba, finafinan Indiya ne da 'yan kasuwa Kwarori ke shigowa da su. Shekaru aru-aru aka yi ana haka, har matasa suka haddace waƙoƙin harshen da ba su ji. Wannan tarbiyyar ido da kunne ita ce jarin da masana'antar da ta biyo baya ta gada.

Zuwan kyamarar bidiyo da kaset ya sauya lissafin. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi don kasuwa. Marubutan littattafan soyayya suka shigo, Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim. Kafin ƙarshen shekarun 1990 harka ta bunƙasa har ta samu mujallunta: a 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, kuma a shekarar ce sunan Kannywood ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa, tun kafin a laƙaba wa ta Kudu sunan Nollywood.

Cikin wannan kasuwa Ali Nuhu ya shigo. An haife shi a Maiduguri ranar 15 ga Maris, 1974. Mahaifinsa mutumin Balanga ne ta Jihar Gombe ta yanzu, mahaifiyarsa kuma 'yar Bama ce a Borno. Ya tashi a Kano, ya yi digiri a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Jos. Fitowarsa ta farko da aka sani ita ce a Abin Sirri Ne, a 1999. Wanda ya ɗaga shi kuwa shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya, inda ya fito a matsayin ɗan sarki, Fati Muhammad kuma ta fito a matsayin Zubaina. Waƙar fim ɗin, wadda aka kaɗa da fiyano, ta shiga gidajen biki da tashoshin mota, ta kuma koya wa masu shirya fim darasin da suka riƙe gam: waƙa ce ke sayar da kaset. Wasila na Yakubu Lere ya biyo baya a 2000, ya ƙara tabbatar da shi a matsayin jarumin soyayya na zamaninsa.

Sai an fahimci yadda kuɗi ke zagayawa a lokacin kafin a gane abin da ya yi daga nan. Mai shirya fim yakan kai uwar kaset wurin manyan dillalai na kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, ya kuma buga kwalayen da ake sanya kaset a ciki. Dillalan ne ke kwafa a kan kaset ɗinsu, ribar mai fim kuma tana cikin yawan kwalin da aka saya a hannunsa. Daga Kano kaya ke bazuwa zuwa Birnin Kudu da Gwaram da Azare, zuwa Maraɗi da Damagaram, har unguwannin Hausawa na Kumasi da Akara. Matan aure da ke cikin gida, waɗanda al'ada ba ta bar su zuwa sinima ba, su ne ƙashin bayan masu kallo. Ɗan wasa kuwa sallamarsa ake yi sau ɗaya, ko da fuskarsa ce a kan kwalin ta sa aka saya. Ali Nuhu bai tsaya a matsayin wanda ake sallama ba. Tun da wuri ya kafa kamfaninsa na FKD, ya zama mai shiryawa kuma mai ba da umarni, ya fitar da finafinai irin su Mujadala da Khusufi. Da yawa daga cikin taurarin da suka yi tashe tare da shi sun dogara da fuskarsu kaɗai, da yayinsu ya wuce kuma ba su da abin da za su koma gare shi.

Salon da ya ɗauka shi ne ya jawo masa suka mafi daɗewa. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya yi nazari mai zurfi kan masana'antar, ya nuna yadda aka riƙa ɗauko labaran finafinan Indiya ana yi musu rigar Hausa, kuma Khusufi na cikin misalan, domin an gina shi a kan fim ɗin Taal na 1999. Masu suka sun ce raye-rayen saurayi da budurwa a cikin lambu baƙon abu ne ga tarbiyyar Bahaushe, kuma wankin labarin wasu ya danne ƙirƙira. Akwai gaskiya a maganar, domin ƙasar da ke da tarihin Kano da Katsina da Daular Sakkwato ba ta rasa labarin kanta ba. Amma masu shirya fim suna da tasu hujjar, wadda ba ta wuce lissafin kwali ba: fim ɗin da babu waƙa yakan kwana a shago. Auren dole da kishi da saɓanin so da biyayyar iyaye, waɗanda finafinan Indiya suka ginu a kansu, batutuwa ne da mai kallo Bahaushe ya sani a cikin gidansu.

Rikicin bai tsaya a fatar baki ba. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, gwamnatin jihar ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa ya bazu a wayoyi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka hana ɗaukar fim a jihar na tsawon watanni. A shekarun nan an ɗaure Adam A. Zango da Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamido Iyan-Tama, ayyuka da yawa kuma suka koma Kaduna da Jos. Kafin wannan guguwa Ali Nuhu ya riga ya buɗe wata ƙofar a Kudu. Ya fito a Sitanda na Izu Ojukwu, wanda ya sa ya samu lambar yabo ta AMAA a 2007, daga baya kuma ya fito a Last Flight to Abuja da Confusion Na Wa. Iya Turanci da karatun jami'a sun ba shi kasuwa biyu a lokacin da yawancin abokan sana'arsa ke da guda, ita ma tana hannun hukuma.

Abin da hukumar tacewa ba ta iya rushewa ba, sauyin na'ura ya rushe shi. Faifan sidi ya kori kaset, kwafarsa kuma ta fi sauƙi da arha ga masu satar fasaha. Daga nan wayar hannu ta zo da masu tura fim a bakin titi, waɗanda ke zuba wa mutum finafinai da dama a kan 'yan canji, ba tare da ko sisi ya koma ga mai fim ba. Kwali ya daina zama kuɗi, manyan dillalai suka watse, masana'antar ta shiga halin ni-'yasu. Masu biya sababbi suka fito: tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, gidan sinima na zamani a rukunin shagunan Ado Bayero a Kano, sai kuma YouTube, inda masu talla ke biya gwargwadon yawan masu kallo. Ali Nuhu ya gwada kowacce. A 2017 ya ba da umarnin Mansoor, ya ɗora shi a kan sababbin fuskoki, Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, ya kai shi sinima. Da yayin fim mai dogon zango ya kankama, ya fitar da Alaƙa a YouTube. Renon sababbin 'yan wasa da aka san shi da shi, wanda ya ƙara masa girman laƙabin Sarki, shi ma yana da fuskar kasuwanci, domin kamfanin da ke haifar da taurari ba ya tsufa tare da mai shi.

Yanzu mutumin da kasuwar kaset ta haifa ya hau kujerar gwamnati, kuma hukumar da yake riƙe da ita tana da tabo a Kano. A 2016 an shirya gina alƙaryar fim a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, da kuɗin Gwamnatin Tarayya, amma adawar malamai da wani ɓangare na jama'a ta sa aka janye. Abin ya nuna cewa kuɗin gwamnati kaɗai ba ya sayo wa sana'ar nan yardar al'umma. Hukumar ba ta tace fim, aikinta raya masana'antar ne, kuma a ƙarƙashinta makarantar koyon fim ta Jos da bikin finafinai na Zuma suke. Saboda haka abin da za a auna Ali Nuhu da shi a wannan mataki ya bambanta da na baya. Ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya tsallake rushewar kasuwa sau da dama. Dubban masu ɗaukar hoto da marubuta da masu haɗa sauti da ke Kano da Kaduna da Jos kuwa, buƙatarsu ita ce horo mai inganci da hanyar rarraba fim wadda kuɗin mai kallo zai riƙa komawa ga wanda ya yi aikin. Tun bayan mutuwar kwali ba a sake gina irin wannan hanya ba, kuma ita ce gadon da ya rage a bari.